Rufin Ɗakin Usaini

Ranar Asabar da hantsi Usaini ya dawo daga suna a Kurfi da matarsa da tsohuwarsa, ya buɗe ɗakin da yake haya a bayan garin Dutsin-Ma, sai ya ga sararin Allah a inda ya bar rufi. An yaye kwanon kaf, falle goma sha huɗu, sai katakai tsirara. Ruwan da aka tafka jiya da la'asar ya kwanta a ɗakin har idon sawu, katifa ta sha, buhun gero ya sha. Kafin ya gama salati unguwa ta cika gidan. Ka san mutanenmu, a ce a zo a taya kwashe ruwa kowa bayansa ke ciwo, amma in kallo ne har masu dogara sanda sai sun zo. Kafin azahar kuwa sun gama shari'arsu sun yanke hukunci: Usainin ne ya cire ya sayar. Wani direba ya rantse ya gan shi jiya da yamma a Kurfi, a bayan kurkura, keken nan mai taya uku, zaune a kan fallayen kwano. To me ya rage? Mutum ɗan gudun hijira, wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauye, ba dangi a gari, ba mai tsaya masa. Irin wannan ai ko akuya ta ɓata shi za a fara kallo.

Mai unguwa Malam Zubair, wanda ya shekara talatin yana magatakarda a kotu kafin ya yi ritaya, shi kaɗai ya ce a dakata. Ya sa 'yan sintiri suka zaunar da Usaini a zaurensa, ya tura mashin Karofi a ɗauko Hamma mai bin sawu.

Hamma Bafulatani ne, tsoho, siriri, mai baƙar magana. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, ya taɓa bin bijimi ɗaya daga Karofi har bakin iyakar Nijar ya dawo da shi a igiya. Da ɗan acaɓa ya gaya masa abin da aka sace, sai ya tofar da yawu.

"Kwano? Kwano na da kofato ne?"

Amma ya hau. Malam Zubair ba mutumin da yake ƙi wa kira ba ne.

*

A ƙofar gidan ya tarar da mai gidan, Alhaji Abdullatif, cikin shadda sai ƙyalli take, yana jan carbi da sauri kamar zai tsinke shi.

"Malam Hamma, da don ta ni ne da ba a wahalshe ka ba. Ɓarawo na hannu. Na taimaki bawan Allah lokacin da kowa ke gudunsu, na ba shi ɗaki, ga sakayyata. Litinin da safe sai wajen 'yan sanda, daga can kotu. Iyalinshi kuma su kwashe tsummokaransu su ba ni ɗakina."

"Kyauta ka ba shi ɗakin, Alhaji?"

"Haya dai. Amma ai da taimako a ciki."

"Hm," in ji Hamma, ya cire takalmi ya shiga.

Ɗaki shida ne a jere, ginin ƙasa da aka shafe da siminti. Biyar sun sha sabon fenti, an kafa musu ƙofofin ƙarfe, an rubuta lamba a goshin kowanne, duk a kulle. Na shida shi ne na Usaini, a can ƙarshe, bangonsa ɗaya da na biyar, ba fenti ba lamba. Hamma ya duƙa ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Abin da ruwa ya bari, ƙafafun 'yan kallo sun gama da shi. Silifas a kan silifas, sawun yara, sawun sanda, har wani marar aikin yi ya shigo da keke.

"Ku da kuka tattake wurin nan, da shanu ne ku da sai in ce ba ku da hankali," ya ce da su. "To amma shanu ba su zuwa kallon abin da bai shafe su ba."

Aka yi 'yar dariyar yaƙe. A waje, ƙarƙashin dalbejiya inda ruwa bai daki ƙasa sosai ba, ya sami sawun taya uku, sun nutse, alamar kaya mai nauyi.

"Kurkura ce," ya faɗa wa kansa.

Ai kuwa kamar jira ake. "Kurkura! Kun ji ko? Kurkura!" Maganar ta bi layi har bakin titi, kafin ta dawo ta zama wai Hamma ya tabbatar. Kurkurar da ta cika garin nan kamar ƙuda! Ya dube su ya ga ba wanda ya cancanci ya ɓata yawunsa a kansa, ya yi gaba.

*

Kulu mai awara ce maƙwabciyar gidan, katanga ɗaya ta raba su. Ita ta karɓi Inna, tsohuwar Usaini, da matarsa Hawwa'u. Hamma ya yi sallama daga zaure, ta fito da ludayi a hannu.

"Baba, ni na ji. Lokacin Juma'a ne, maza duk sun tafi masallaci. Na ji ƙarar kwano da guduma."

"Da garaje?"

"Ina! A natse. A yi, a tsaya, a yi, a tsaya. Na ɗauka aikin Alhaji ne, tunda wata biyu ke nan ba mu huta da bugu ba."

"Mutanen ɗakunan nan biyar fa, ina suke?"

Ta taɓe baki. "Sun tashi mana. Ɗalibai yake so ya zuba in an koma makaranta, ya ce su ɗaki ɗaya sai su ninka mashi abin da magidanci ke biya. Farko ya yanke wuta. Sannan ya sa kwaɗo a banɗaki, wai ana gyara. Sannan ya ce rijiya ta lalace. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashe. Usaini kaɗai ya rage, don shi ba inda za shi. Tun daga nan nan gidana matarshi ke ɗibar ruwa."

Inna ta leƙo daga bayanta, ƙanƙanuwar tsohuwa, idanu sun yi ja. "Malam, ɗana bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba."

"Kowace uwa haka take cewa, Inna," in ji Hamma. Ya ga fuskarta ta faɗi, ya ji ba daɗi, amma bai janye ba. Shi bai saba ba mutum tabbacin abin da bai gani da idonsa ba.

*

A zauren mai unguwa Usaini na zaune a kan tabarma, ya haɗa kai da gwiwa. Ba zai wuce talatin da biyar ba, amma wahala ta ƙara masa goma.

"Ina ka yi Juma'a?"

"Wurin suna, Baba."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa da ƙyar. Tafin duk yanka ne, sabo, irin na bakin kwano. Ƙarƙashin farce baƙi ƙirin.

"A wurin sunan aka yanyanka ka? Ko kai ne ragon?"

Usaini ya sunkuyar da kai.

"Direba ya gan ka a kan kwano. Ƙarya ya yi?"

"Bai yi ƙarya ba."

"Daga ina kwanon?"

Shiru. Hamma ya tambaya sau uku, sau uku ana ba shi ƙeya. Ya miƙe cike da haushi. Mutum na nutsewa ana miƙa masa sanda yana kallonta!

Malam Zubair ya rako shi waje, ya rage murya. "Hamma, bari in gaya maka abin da ya sa na kira ka. Mutumin nan ya biya shekararshi tun bazara, ni na shaida. Mai hayar shekara ba a tayar da shi da baki. Sai an ba shi takardar notis, wata shida, kuma ko sun cika ya ƙi tashi, kotu ce mai fitar da shi, ba mai gida ba. Na gaya ma Alhaji haka da bakina wata biyu da suka wuce, ya ce doka ba ta taya shi gini ba. Amma in aka ce ɗan haya ya yi ɓarna, ya sace kayan gida, aka ɗaure shi, wa zai tsaya zancen notis? Tsohuwar da yarinyar za su kwana a titi, ga damina ta yi tsakiya."

"Kana nufin Alhajin ne?"

"Ban ce ba. Ni magatakarda ne, abin da aka kawo gabana nake rubutawa. Hannun yaron nan ma ka gani."

Gaskiya ne, ya gani. Hamma ya ce da ɗan acaɓa su nufi Kurfi.

*

Bai sha wahala ba. Ɗan gwangwan, mai cinikin tsofaffin ƙarafa, nawa ne a Kurfi da ke sayen kwano? Na biyu da ya tambaya, wani Ikrima mai rumfa a bayan kasuwa, ya ce ƙwarai, jiya da yamma an kawo. Ya janye wani tsohon buhu, ga su nan a jibge.

Hamma ya tsuguna. Falle tara ne. Baƙaƙe, sun lanƙwashe, sun yi bororo, ramukan ƙusa duk a yage. Ya shafa ya shinshina yatsa, ƙaurin hayaƙi bai gama fita ba. Wannan kwano wuta ta ci shi, ba jiya ba, ba bana ba. Na Alhaji kuwa kowa ya shaida farare ne, shekararsu uku.

"Ya gaya maka daga ina?"

Ikrima ya waiga hagu da dama. "Baba, kada ka ce ni na faɗa. Ƙauyensu ya shiga, can bayan dutse, inda aka ƙone bara waccan. Kangon gidan ubanshi ne. Da safe ya shiga a ƙafa ya ɗauro su a ka zuwa bakin hanya, sawu uku ya yi. Ya ce maganin tsohuwarshi ya ƙare. Wallahi ko ciniki bai yi ba, abin da na miƙa ya karɓa."

Sai a sannan Hamma ya gane shirun Usaini. A wannan zamani duk wanda ya shiga dajin can ya fito da ransa, sunansa infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ɓarawo dai kurkuku za a kai shi. Infoma kuwa ba ya kaiwa ko ofishin 'yan sanda. Yaron ya auna biyun ya zaɓi mai sauƙi. Hamma ya ji haushin da yake ji ya tashi daga kan Usaini ya koma kan garin gaba ɗaya. Ya sa Ikrima ya yanko masa ɓallin kwanon kamar tafin hannu, ya jefa a aljihu.

To Usaini ya fita daga zargi. Amma fitarsa a wurin Hamma ce kaɗai. 'Yan unguwa sun riga sun sami ɓarawonsu, ba za su sake shi ba sai an ba su wani.

*

Lahadi da safe ya koma gidan shi kaɗai, ya kori mutum biyu da suka biyo shi. Hawwa'u ta kwashe ruwan ɗakin. Ya shiga ba takalmi, ya zaga lungu lungu, ya fita ya zaga bayan ɗaki. Sai ya tsaya. Falle goma sha huɗu, ƙusa ta fi ɗari, kuma yana yawo ƙafa tsirara tun jiya ko ɗaya ba ta soke shi ba. Wane irin ɓarawo ne mai tsince ƙusa?

Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon bango. Shi mai kallon ƙasa ne, shekara arba'in bai taɓa neman sawu a sama da kansa ba, shi ya sa jiya bai lura ba. Bangon ƙasa in aka bar kansa a buɗe aka yi ruwa irin na shekaranjiya, sai ya yi kuka, jar laka ta gangaro layi layi har ƙasa. Wannan kuwa tsaf yake, a bushe. Kusurwar gabas kaɗai, inda ya haɗu da ɗaki na biyar, ta yi danshi.

Ya aro tsani wajen Kulu, ya hau yana tsine wa gwiwoyinsa. Da kansa ya kai saman bangon sai ya yi dariya, dariyar da ba ta da daɗi.

Buhunan siminti ne, fanko, an ninke su an jera a kan bangon tun daga wannan ƙarshe har wancan, bakin kowanne ya hau kan na gabansa yadda ruwa ba zai ratsa ba, an danne da gutsattsarin bulo. Aiki mai kyau, wallahi. A kusurwar gabas ne buhu ya ƙare, aka bar kamu ɗaya a buɗe.

Ya sauko, ya mayar da tsani.

Bilya kafinta, wanda ke wa Alhaji aikin gyaran ɗakunan, yana da rumfa a bakin titi. Hamma ya same shi yana goge katako, ya zauna ba a ba shi wuri ba.

"An ce kai ne gwanin unguwar nan."

Bilya ya washe baki. "Ai Baba aikina ke faɗa. Ni ba na ha'inci. Ko ƙusa ba na yarwa, in na cire sai na miƙe ta na adana ma mai ita."

"Madalla. Ina ka yi Juma'a?"

Hannun Bilya ya tsaya a kan katakon. "Na... na makara ne. A sahun baya na samu."

"Allah shi karɓa. Ka zo gidan Alhaji bayan azahar, mai unguwa na son gwani ya duba ɓarnar."

*

Bayan azahar tsakar gidan ta cika. Malam Zubair a kan kujera, Alhaji Abdullatif a kan wata da aka ɗauko masa daga mota, Usaini a ƙasa tsakanin 'yan sintiri biyu. Ga direba, ga Bilya, ga Kulu da Inna a bakin ƙofa. Sauran kuwa 'yan kallo ne, sun zo ganin yadda za a tasa ƙeyar ɓarawo.

Hamma ya fito da ɓallin kwanon ya jefa a tsakiya, ya yi ƙara.

"Direba, ga kwanon da ka gani. Duba da kyau. Alhaji, naka ne?"

Alhaji ya leƙa ya yamutsa fuska. "Wannan ƙonannen? Allah shi kiyaye."

"To shi Usaini ya sayar a Kurfi. Na gidan ubanshi ne da aka ƙone. Ya shiga kangon ya kwaso abin da wuta ta bari don ya sai ma tsohuwarshi magani." Ya ga bakuna sun fara motsi, ya san kalmar da ke shirin fita, ya riga su. "Wanda ke da wata magana a kan mutumin da ya shiga kangon ubanshi, ya tashi tsaye ya faɗe ta a gabana, in ga fuskarshi. Ni ma na shiga dajin nan sau ba adadi ina nemo maku shanunku. Ku fara da ni."

Ba wanda ya tashi. Jarumai!

"To in ba shi ba ne wane ne?" in ji Alhaji. "Ɓarayi dai sun yi yawa a garin nan."

"Sun yi yawa, Alhaji. Amma naka ɓarawon na daban ne, ban taɓa ganin mai kirki irinshi ba. Ya cire kwano a natse, bai yaga ko ɗaya ba. Ya tsince ƙusa. Da ya gama kuma, tsabar tausayi, sai ya bi kan bango ya rufe da buhunan siminti ya danne da bulo, don kada ruwa ya ci maka gini. Katifar talaka ta jiƙe, geronshi ya jiƙe, wannan bai dame shi ba. Bangonka ne bai son ya jiƙe. Jama'a, a cikinku akwai wanda ɓarawo ya taɓa yi ma wannan alheri?"

Carbin Alhaji ya daina tafiya.

"Sai dai fa," Hamma ya ci gaba yana sosa gemu, "aikin na banza ne. Ragon aiki. Ya bar kusurwar gabas a buɗe, daidai inda bangon ya haɗu da sabon ɗakinka na biyar. Ruwa ya shiga. In aka ƙara irin na shekaranjiya sau biyu, ni dai ba zan kwana a ɗakin nan ba, da fentinshi da ƙofar ƙarfenshi."

Nan fa Alhaji ya manta da inda yake. Ya juya gaba ɗaya ya watsa wa Bilya wani kallo, kallon da ba a yi wa mutumin da ba ruwansa. Bilya kuwa a zage shi da uwa ya fi masa sauƙi da a ce aikinsa na banza ne. Ya zabura.

"Wallahi Alhaji na rufe! Buhu goma sha biyu ka ba ni, na ce maka ba su isa, ka ce in yi maneji! Ni ba na ragon aiki!"

Sai da maganar ta gama fita ya ji ta. Ya dafe baki.

"Ina kwanon, Bilya?" in ji Malam Zubair a hankali.

"Suna ɗaki na ɗaya, ranka shi daɗe. A jingine. Na sa masu katako a ƙasa kada su yi tsatsa."

Ashe ko gidan ba su bari ba. Kurkurar da aka yi ta ihu a kanta siminti ta kawo ranar Alhamis. Aka karɓi makulli a hannun Alhaji da ƙyar, aka buɗe. Ga su nan farare tas, goma sha huɗu, ga ƙusoshi a gwangwanin madara, an miƙe kowacce.

"Gidana ne!" Alhaji ya miƙe yana huci. "Kwanona ne! Mutum ya sace kayanshi ne? In ga dama in rufe, in ga dama in buɗe!"

"Gidanka ne," in ji Malam Zubair, "amma ɗakinshi ne har shekararshi ta cika. Ka yaye rufi a kan ɗan haya don ya tashi, laifi ne. Ka lalata mashi kaya, laifi ne. Niyyarka a ce ɓarayi ne, ka ƙi gyarawa, ruwa ya kore maka shi. Da direba ya kawo maka tsuntsu daga sama sai ka ce a ɗaure shi, wannan kuma ya fi duka. Usaini, in kana son ƙara, ni zan rubuta maka da hannuna, gobe Litinin ɗin da ya yanka maka."

Kowa ya juya ga Usaini.

"Ranka shi daɗe, ni wa na sani a kotu? A maida mani rufina kawai. Hadari na haɗowa."

Hamma ya ji kamar ya mare shi, ya kuma san ba shi da bakin ganin laifinsa.

*

'Yan kallo suka fara sulalewa. Direba ya tsaya yana gaya wa duk wanda zai saurara cewa shi dai abin da ya gani ya faɗa. Waɗanda jiya suka ce ɓarawo ne, yau suna cewa su dama tun farko jikinsu bai ba su ba. A cikinsu kaf ba wanda ya je gaban Usaini ya ce yi haƙuri.

Bilya ya hau sama ya kama bugu. Alhaji kuwa, kana tsammanin kunya za ta kore shi? Gefe ya ja Malam Zubair, murya ƙasa ƙasa, wai yaya ake rubuta notis ɗin nan yadda kotu ba za ta yi watsi da shi ba. Malam Zubair ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya gaya masa, don haƙƙinsa ne a doka. Kafin la'asar an bugo takarda a shagon kwamfuta, Alhaji ya sa hannu, ya miƙa wa Usaini a gaban shaidu biyu. Wannan karon komai bisa ƙa'ida.

Usaini ya juya takardar ya miƙo wa Hamma.

"Ni da kai duk ɗaya, ba mu yi boko ba," in ji Hamma. "Miƙa ma mai unguwa."

Malam Zubair ya karanta ya fassara. Usaini ya lissafa watannin da yankakkun yatsunsa, ya sake lissafawa, sannan ya taka zuwa bakin ƙofa inda tsohuwarsa ke tsaye.

"Me suka ce?" in ji Inna.

"Za mu ƙare damina a ɗaki, Inna. Da sanyi ma. Sai bazara za mu tashi."

Tsohuwar ta ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi. Bazara ai ko a gindin itace mutum ya kwana."

Hamma ya ji godiya iri iri a rayuwarsa, amma bai taɓa jin wadda ta ƙona masa rai irin wannan ba. Ya ɗauki sandarsa. A ƙofar gida Alhaji Abdullatif ya tare shi da murmushi, ya miƙo hannu wai komai ya wuce. Hamma ya dubi hannun, ya raɓa shi ya fita.